Ƙaramar bindigar gwanjon soja: a saya ko a haƙura?

Sagir: Assalamu alaikum. Shawarar manya nake nema. Na daɗe ina sha'awar tsofaffin ƙananan bindigogin nan da sojojin ƙasashe suka ajiye, ake shigo da su Amurka ana sayarwa. Akwai guda biyu a wurin wani dila mai lasisi, Tokarev ƙirar Romaniya da Makarov ƙirar Bulgeriya. Tokarev ɗin ta fi araha. Na yi kwas ɗin koyon harbi, amma ban taɓa mallakar tawa ba. Wacce za ku ce in ɗauka, me ake dubawa kafin a biya, kuma yaya ake kula da ita?

Alhaji Tijjani: Wa alaikumus salam. Kafin masana su shigo, bari mu fara da doka, don duk maganar da za a yi a nan ta wanda doka ta yarje wa ce. Sagir, wace takardar zama gare ka? A dokar tarayya sai ka kai shekara 21 dila zai sayar maka da ƙaramar bindiga. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinka ta tsarin NICS na hukumar FBI. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne, sai a wasu keɓantattun halaye. Bayan wannan kuma kowace jiha da nata. New York da New Jersey sai da izini na musamman, Illinois sai da katin FOID, wato katin shaidar mai mallakar bindiga. Kada ka dogara da abin da wani mazaunin wata jiha ya gaya maka.

Sagir: Katin zama na dindindin gare ni, Alhaji, kuma jiharmu ba ta neman izini daban. Na karanta dokar.

Alhaji Tijjani: Madalla. To bismillah, Malam Habu, fagenka ne.

Malam Habu: Sagir ƙanena, Makarov za ka ɗauka. Zan faɗi dalili, amma ka fara gane abin da kowacce take. Tokarev, wadda ake kira TT-33, Fedor Tokarev ne ya ƙera ta, ita sojojin Tarayyar Sobiyet suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu. Makarov ce ta gaje ta a 1951. Wato su kansu masu ita sun ga akwai abin gyara.

Babban abin da ya kamata sabon shiga ya sani shi ne, asalin Tokarev ba ta da makullin kariya irin wanda ake turawa da yatsa. Abin da ke gare ta kawai a ja guduma, wato ƙarfen bayanta mai dukan allurar da ke tayar da harsashi, zuwa rabi ta tsaya a wani ɗan gurbi. Makullin da za ka gani a jikin ta Romaniyar nan ba tun asalin ƙirarta ta soja yake ba. An huda jikin ne daga baya aka dasa, domin dokar 1968 ta gindaya sharuɗɗa ga ƙananan bindigogin da za a shigo da su ƙasar nan. Wani an yi aikin da kyau, wani kuwa sakwa-sakwa yake, yana motsi da kansa. Ni ba na ɗora raina a kan irin wannan makulli, kuma ba zan ce wa wani ya ɗora ba.

Makarov kuwa da makullinta aka haife ta. In ka tura shi sama, yana saukar da guduma kuma ya kulle. Bututunta a manne yake da jiki, ba ya motsi, kayan cikinta kaɗan ne, kwance ta ba ya buƙatar wani kayan aiki. Harsashi takwas take ci. Ta Bulgeriya za ka ga lamba 10 cikin zobe a jikinta, tambarin masana'antarsu ke nan. An kuma ƙera ta a Jamus ta Gabas da Sin, kuma masu tarawa sun fi yaba gogewar ta Jamus.

Nura: Malam Habu, da girmamawa, ni ban yarda da tambayar ba ma tun farko. Sagir, me za ka yi da ita? In don tsaron gida ne, ka bar su duka biyun, ka sayi sabuwa mai cin harsashin 9x19, wadda kamfaninta ke nan, in ta sami matsala ka mayar musu. Na riƙe Beretta M9 lokacin da nake soja, na ga yadda bindigar gwamnati ke rayuwa. Hannu ɗari ke taɓa ta, kowa ya kwance ya ɗaure, babu mai ƙirga harsashin da ta ci. Wadda za a sayar maka ba ka san ko a rumbun ajiya ta kwana shekara arba'in ba, ko kuwa ita ce ta makarantar horo da aka gama da ita.

Sagir: Yaya Nura, gaskiya ba don tsaro ba ne. Tarihin ke burge ni, kuma ina so in riƙa zuwa filin harbi lokaci-lokaci.

Nura: To wannan daban. In haka ne ba ni da ja, sai dai kada ranar da ka ji motsi da dare ka ce ai ita ma bindiga ce. Ka tsayar da niyyarka tun yanzu.

Malam Habu: Nura yana da gaskiya a rabin maganarsa. Amma ba duk gwanjo ne ya sha wuya ba. Ƙasashen Gabashin Turai sun ƙera makamai masu ɗimbin yawa suna jiran yaƙin da bai zo ba. Da yawa an gwada su ne kawai, aka dulmiya cikin maiko, aka jibge a akwatuna. Da aka rushe ƙawancen Warsaw a 1991, wasu ƙasashen suka shiga NATO suka koma harsashin 9x19, sai aka fito da su kasuwa. Akwai wadda ɗan sanda ya rataya shekara da shekaru, launin bayanta ya koɗe saboda gugar kube, cikinta kuwa kamar ba a taɓa harbawa ba. Akwai kuma mai ƙyalli a waje, cikin bututun tsatsa ta cinye. Shi ya sa ido ba ya tsayawa a fenti.

Injiniya Bashir: A nan zan shigo. Sagir, in ka je, ka nemi izinin dilan kafin ka taɓa komai. Ka cire magazin, wato gidan da ake jera harsashi, ka ja silaid, wato ƙarfen saman da ke zamewa, baya, ka leƙa ɗakin harsashi da idonka, ka kuma sa yatsa. Ko da a gabanka ya duba, kai ma ka duba. Hancinta kuma kada ya kalli mutum.

Sannan ka haska tocila ta baya ka leƙa ta baki. Abin da kake nema shi ne zanen nan mai murɗewa a cikin bututu ya fito da kaifinsa, bangon kuma yana sheƙi. Duhu kaɗan ba laifi, sau da yawa datti ne. Amma in ka ga ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, tsatsa ce ta ci ƙarfen, kuma ba ta gyaruwa. In ka ga wani zobe mai duhu a tsakiyar bututun, ko ka shafa waje ka ji kumburi, ajiye ta ka tafi. Alamar an taɓa harba harsashi a kan wani da ya maƙale ke nan. Ka duba leɓen bakin ma, in ya lotsa, saiti ya tafi.

Bayan bututu, ka bi jikin da silaid da kyau kana neman tsaga, musamman kusurwoyi da wurin da kwanson harsashi ke fita. Tsaga tana iya zama siririya kamar gashi. Ka ɗana guduma, ka tura ta da babban yatsa ba tare da ka taɓa kunama ba. In ta faɗi, kada ka saya ko da kyauta ce, sai dai in kai tsaye wurin mai gyara za ta. Ka sa makulli ka ja kunama, bai kamata komai ya motsa ba. Daga nan ka kwatanta lambobi: ta jiki da ta silaid su zama ɗaya. In an soke wata an rubuta sabuwa da alƙalamin lantarki, an haɗa ta ne daga bindigogi biyu a wurin gyaran soja. Tana iya aiki lafiya, amma darajarta ba ɗaya ba ce, kuma bai kamata a sayar maka da ita a kuɗin mai lamba ɗaya ba.

Za ka kuma ga sunan wani kamfanin Amurka da garinsa da jiharsa an buga a jiki. Kada ya dame ka, doka ce ta tilasta wa mai shigo da ita.

Auwal: Injiniya, to ni CZ 82 da na leƙa ban ga zane ko ɗaya ba, sumul take. Ashe ta mutu ke nan?

Injiniya Bashir: A'a, haka aka ƙera ta. Cikin bututunta kusurwoyi ne masu laushi da suke murɗewa, maimakon tsagi mai kaifi. Mutane da yawa sun bar mai kyau a kan tebur saboda wannan. Ita ma harsashin Makarov take ci, guda 12, ƙirar Cekoslobakiya. Sai dai mai zama jihar da ta kayyade magazin a 10, irin California da New York, ya kula.

Malam Habu: Tunda an zo kan harsashi, Sagir, buɗe kunnenka. Na Makarov 9x18 ne. Ba shi ne 9x19 da ya cika kasuwa ba, ba kuma .380 ba ne, wanda yake 9x17. Kan na Makarov ya ɗan fi su kauri, kusan milimita 9.27, su kuwa 9 ne da ɗigo kaɗan. Kusancin ne haɗarin. Abin da aka rubuta a jikin bindiga shi za ka karanta a jikin kwali, harafi da harafi. Kuma ka tabbatar ba a taɓa canza mata bututu ba, don akwai Makarov da aka mayar .380.

Na Tokarev 7.62x25 ne, siriri mai wuya kamar kwalba, gudunsa ya haura mita 400 a daƙiƙa. Ƙara gare shi da walƙiya, kuma yana huda abu ya wuce. Wannan ma wani dalili ne da ba na so a fara da ita.

Nura: Kuma ku gaya masa samun harsashin ba kamar da ba ne. Tun 2021 gwamnati ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne mai arahar. Arahar bindigar a ranar saye ce kawai. Abin da za ta ci a shekara shi ne kuɗinta na gaskiya.

Malam Habu: Haka ne, ya yi tsada, amma bai ɓace ba. Sellier & Bellot na ƙasar Cek da Prvi Partizan na Sabiya duk suna yin nau'in biyu, sababbi kuma masu tsabta. Ba kowane shago ke ajiyewa ba, wannan kam gaskiya ne.

Sagir: Dilan ya ce yana da tsohon harsashin soja na Tokarev a gwangwani, mai arha sosai, amma wai "mai ci" ne. Me ke nan?

Injiniya Bashir: Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta fi duka muhimmanci, don ita ta kashe bututun da na ce ka guje wa. Ba albarushin ne ke ci ba. A gindin kowane harsashi akwai 'yar ƙwaya da allura ke bugawa ta kunna wuta. A tsohon harsashin soja, sinadarin cikinta idan ya ƙone yana barin gishiri, potasiyam kuloraid. Sojoji sun so shi ne don yana daɗewa a ajiye kuma yana tashi ko cikin tsananin sanyi. Gishirin nan yana bin hayaƙi ya manne a bututu, da fuskar silaid, da ramin allura. Sai ya riƙa jawo danshi daga iska. A wuri mai laima, kwana ɗaya ya isa ka ga ja-ja ya fara fitowa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai ba ya narkar da gishiri. Mutum zai goge da man bindiga, ya ga tana ƙyalli, ya ajiye, alhali ya lulluɓe gishirin ne kawai. Ruwa ke narkar da shi. A ranar da ka harba, ba gobe ba, ka kwance ta, ka zuba ruwan zafi ta cikin bututun, ka bi da buroshi, ka sake zubawa. Ka goge fuskar silaid da duk inda hayaƙi ya taɓa da tsumma mai jiƙe. Zafin ruwan yana taimakawa ƙarfen ya bushe da wuri, amma duk da haka ka tsane shi sarai, lungu-lungu. Sannan ka yi wankin da aka saba da maganin goge bindiga, ka shafa mai siriri. Buroshin da sandar goge bututun ma a wanke su, in ba haka ba gishirin za ka mayar. Bayan kwana biyu ka sake fito da ita ka leƙa.

In ba ka san asalin harsashi ba kuma tsohon na soja ne daga Gabashin Turai ko Sin, ɗauke shi a matsayin mai ci.

Auwal: Ni na ji ana cewa ruwan goge gilashi ake fesawa, wai amoniyar ciki ke kashe gishirin.

Injiniya Bashir: Ruwan da ke cikinsa ne ke aikin, ba amoniya ba. Yana da amfani a filin harbi kafin ka iso gida, amma ba ya maye gurbin wanki.

Hajiya Rabi: Ina bin ku tun ɗazu. Ku yi haƙuri in katse, don akwai abin da har yanzu ba wanda ya ambata. Sagir, akwai yara a gidanka?

Sagir: Akwai, Hajiya. Biyu, ƙanana.

Hajiya Rabi: To kafin bindigar ta shigo gidan, akwatin ƙarfe mai makulli ya riga ta shiga. Ba saman kabad ba, ba ƙarƙashin katifa ba. Yaro ya san duk maɓoyar da ke gidan ubansa, kuma yara suna kawo abokai. A ajiye ta babu harsashi a ciki, harsashin a kulle a wani wuri daban, mabuɗin a jikinka. Dila zai haɗa maka da ɗan kwado, doka ta sa shi, ka yi amfani da shi, amma bai isa shi kaɗai ba. Maiɗakinka kuma ta sani, ta yarda, tun kafin ka biya. Aikin jinya nake yi, ba daga karatu nake wannan maganar ba.

Sai dalma. Tana cikin kan harsashi, tana cikin hayaƙin, tana manne wa hannu da riga. Jikin ƙaramin yaro yana shan ta fiye da na babba, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. In ka dawo daga harbi, ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka canza kaya kafin ka ɗauki yaro, a wanke kayan daban. Wankin bindigar da Injiniya ya kwatanta, kada a yi shi inda ake wanke kwanuka ko kan teburin cin abinci. Ka sa safar hannu, ka buɗe taga.

Abu na ƙarshe, kuma na san ba a son faɗinsa. In wani a gidan ya shiga matsananciyar damuwa, ko da kai ne, a fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, har lamarin ya wuce.

Alhaji Tijjani: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Na maƙala wannan a sama don kowa ya gani.

Sagir: Na gode ƙwarai, Hajiya. Akwatin zan fara saya. Injiniya, Makarov ɗin cike take da wani maiko mai kauri ruwan ƙasa, har yana danƙo. Shi kuma fa?

Injiniya Bashir: Kosmolin ke nan, maikon ajiya. Shi ya tsare ta daga tsatsa duk shekarun nan, amma ba man aiki ba ne, dole ya fita gaba ɗaya. Ka cire mariƙin roba ka ajiye gefe, ka jiƙa ƙarafan a cikin sinadarin tsarma fenti marar ƙarfi, wanda ake kira minaral sifirit, ka bi da tsohon buroshin haƙori. Ɗumi yana narkar da shi, ko rana ma ta isa. Kada ka yi amfani da fetur, kada kuma ka sa a tandar girki.

Ga inda nake so ka fi mai da hankali. Allurar Makarov ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya, a sake take cikin raminta. In kosmolin ya bushe a ramin, zai iya riƙe ta a gaba, bakinta a waje. Ka saki silaid a kan harsashi, sai ta tashi ba ka taɓa kunama ba, wani lokaci ma ta ci gaba da tashi. Don haka a fito da allurar, a wanke ramin tas, a bar shi kusan a bushe, don mai da yawa datti yake tarawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: girgiza silaid kusa da kunnenka, ka ji allurar tana kaɗawa ƙwas-ƙwas. In shiru, ba a gama ba.

Sifirin ɗin da ke zagaye da bututu kuma, gefe ɗaya ya fi matsewa. Matsattsen shi ke fara shiga. Ni da zan ba ka shawara, ka sayi sabo ka sa, ka adana tsohon. Sifirin da ya gaji yana barin silaid ya riƙa dukan jikin da ƙarfi. Na magazin ma haka, yawancin cijewar tsohuwar bindiga daga magazin take.

Nura: Duk wannan daidai ne, amma ina ƙara nanatawa, mutumin da bai taɓa mallakar bindiga ba bai kamata ya zama shi ne alƙalin ƙarshe ba. Bayan ya wanke, ya kai wa mai gyaran bindiga ya duba kafin harbin farko.

Injiniya Bashir: Ban musa ba ko kaɗan. Yana da ma'aunai da ba mu da su a gida. Ranar farko kuma ka sa tabarau da abin toshe kunne, ka loda ɗaya tak ka harba, sannan biyu, don in za ta zarce da kanta, a biyu za ta tsaya. Ka ɗauki kwanson ka duba ko ya kumbura ko ya tsage. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita, bar hancin yana kallon gaba kamar daƙiƙa 30, tsohon harsashi yana iya jinkiri. In kuma ƙarar ta fito a raunane, tsaya nan take, a duba bututun.

Auwal: Malam Habu, ni tawa matsalar daban ce. Fentin CZ ɗina duk ya ɓaɓɓare. Ina so in kai a kankare a yi mata sabon rufi na zamani, in canza saiti da mariƙi. Wani ya ce ɓarna ce.

Malam Habu: A wurina ɓarna ce, Auwal. Wannan koɗewar ita ce shaidar inda ta bi. Ranar da aka sa mata injin gogewa, ƙananan tambarin masu duba aiki da shekarar ƙira suna dushewa, kusurwoyi su mulmule, kuma babu mai dawo da su. Ka kashe kuɗi don ka rage mata daraja. An daina ƙera su, kowacce aka sauya an rage ɗaya.

Nura: Malam, a nan kuma mun rabu. Dukiyarsa ce. An ƙera irinta da yawan gaske, ba wata abar gidan tarihi ba ce. Ƙarfen da fenti ya bari tsatsa yake jira. In zai riƙa harbawa, kuma idonsa ba ya ganin ɗan saitin nan na da, me ya sa zai wahala don wani mai tarawa da bai haɗu da shi ba?

Malam Habu: Haka aka riƙa cewa game da bindigogin da sojojin Amurka suka dawo da su bayan 1945. Aka yanke, aka goge, aka shafa musu ƙyalli, ana cewa ai suna da yawa. Yau ka je ka tambayi kuɗin wadda ba a taɓa ba da wadda aka gyara. Maganar tsatsa kuwa, mai siriri da tsumma sun isa.

Nura: To shi ba jari ya saya ba.

Injiniya Bashir: Akwai tsakiya. Duk abin da sukurudireba zai cire kuma ya mayar, kamar mariƙi da sifirin, canza, ka adana na asali a leda. Abin da sai an kankare ko an huda, dakata ka shekara da ita tukuna. Sharaɗi ɗaya ne ba a taɓawa ko ta halin ƙaƙa: lambar bindiga da tambarin mai shigo da ita. Goge lamba babban laifi ne a dokar tarayya.

Auwal: Zan fara da mariƙin. Fentin kuma ban yanke ba tukuna, har yanzu maganar Yaya Nura ta fi kwanta mini.

Sagir: Malam Habu, na ga ana maganar bindigar 1911 ta sojojin Amurka da ake sayarwa ta CMP, ƙungiyar koyar da harbi ga farar hula. Ita fa?

Malam Habu: Ita ce sarauniyar fagen. John Browning ya ƙera ta, sojan Amurka ya karɓe ta a 1911, ta yi aiki har 1985 da M9 ɗin su Nura ta gaje ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba kamfanin Colt kaɗai ya yi ta ba. Remington Rand mai keken rubutu ya yi, Ithaca ya yi, Union Switch & Signal ya yi, har Singer mai keken ɗinki ya yi guda 500, waɗanda yanzu kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Bayan 1945 soja bai sake sayen sababbi da yawa ba, gyara aka yi ta yi, shi ya sa za ka ga jikin wannan kamfani da silaid ɗin wancan. A irinta wannan ba aibi ba ne, tarihinta ke nan.

CMP da ke Anniston a jihar Alabama ta fara sayar da su a 2018, guda 8,000 a zubin farko, a kan dala 850 zuwa 1,050 gwargwadon lafiyarsu. Sai dai kai ba yanzu ba, don sharaɗinsu sai ɗan ƙasa, kuma mamban wata ƙungiyar harbi da ke da alaƙa da su, da shaidar ya koyi harbi. Ba gida suke aikowa ba, wurin dila mai lasisi.

Auwal: Lasisin masu tarawa da kake da shi, Malam, wuya gare shi?

Malam Habu: Ba wuya. ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ke bayarwa, nau'i na 03, dala 30 na shekara uku. Ya shafi bindigar da ta kai shekara 50 da ƙira, da waɗanda suka sa a jerinsu ko ba su kai ba. Dole ka riƙe littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Na tarawa ne, ba na kasuwanci ba, kuma bai ɗauke maka dokar jiharka ba.

Alhaji Tijjani: Wani ya turo mini tambaya a gefe, zan amsa a nan ba tare da suna ba. Ya ce ɗan'uwansa ba shi da takardun da za su ba shi dama, ko zai iya saya masa da sunansa. Amsa a'a. Fom ɗin nan yana tambayarka ko kai ne ainihin mai saye, ƙarya a wurin ɗauri ne na shekaru. Haka kuma sa ta a kaya a fitar da ita daga ƙasar ba tare da lasisin gwamnati ba, ko ita ko wani ɓangarenta ko harsashi. Wanda ya sake kawo irin wannan a zauren nan za a cire shi.

Sagir: Na fahimta. To na tsaya a kan Makarov, in ta ci jarrabawar Injiniya. Tambaya ɗaya ta rage. Tana zuwa da kubenta na fata na asali. A ciki zan riƙa ajiye ta?

Malam Habu: A'a. Fata tana riƙe danshi, kuma sinadarin jima yana cin ƙarfe. Kuben a ajiye shi daban. Haka akwatin roba mai soso, na tafiya ne, ba na ajiya ba. Ka shafe ta da tsumma mai ɗan mai bayan duk taɓawa, don gumin yatsa yana barin tambari. Ka sa jakar silika mai shan laima a cikin akwatin ƙarfen, kana busar da ita lokaci-lokaci. Ko ba ka harba ba, duk bayan wata biyu ko uku ka fito da ita ka duba. Ka ɗauki hoton lambarta da rasit ka ajiye a wani wuri dabam, saboda ko an yi sata.

Injiniya Bashir: Kuma ka tambayi dilan ko zai karɓa in mai gyara ya ga aibi. Yawancin gwanjo yadda ka gan ta haka ka saye ta, don haka in ya yarda, ya rubuta a rasit.

Nura: Ka ƙara da magazin ɗaya ko biyu tun ana samu. Maɓallin cire shi a gindin mariƙi yake, ba a gefe ba kamar wadda ka koya da ita a kwas, sai ka saba. Ranar harbin farko ka gaya mini in muna kusa, in raka ka.

Sagir: In sha Allahu. Asabar zan je da tocila in leƙa bututun. In na ga abin da ban gane ba, zan ɗauko hoto in turo kafin in biya.

Injiniya Bashir: Ka ɗauko har da na fuskar silaid da ramin allura, kuma a wuri mai haske.